Kifi biyu sun mutu cikin kwana biyar alhali ruwan garau yake, ina matsalar take?

Lawali Tela: Assalamu alaikum ƴan uwa. Taimako nake nema, kuma da gaggawa. Ranar Asabar wani ƙanena ya taho mini da akwatin gilashi na kifin ado daga Kano, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 35. Na wanke shi, na zuba tsakuwa, na cika da ruwan pampo, na kunna filta mai tace ruwan, a ranar kuma na saki kifin: jajayen nan da ake ce wa kifin zinariya guda 4, da ƙananan nan da ake ce wa gupi guda 6. Yau Alhamis na tashi da asuba na tarar da biyu daga cikin jajayen sun mutu. Sauran sun taru a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu haki. Ruwan garau yake, babu wari. Abinci kuwa sau uku ake ba su, ban da wanda ɗiyata ke ƙara musu idan ta dawo makaranta. Don ita na sayo su, yau da kuka ta fita gida. Ina unguwar Zariya a Maraɗi.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Sannu Lawali, Allah Ya mayar da alheri. Kafin a shiga dogon bayani, tashi yanzu ka yi abu biyu. Ka daina ba su abinci, yau da gobe ko ƙwaya ɗaya kada a jefa. Sannan ka kwashe rabin ruwan ka zuba sabo. Amma ba kai-tsaye daga pampo ba. Akwai ruwan da ya kwana a bidon ko randa a gidan?

Lawali Tela: Akwai bidon biyu na lita 25 da aka ɗiba tun shekaranjiya, Hajiya. Amma ba za su mutu da yunwa ba?

Hajiya Rabi: Ba za su mutu ba. Babban kifi mai lafiya yana yin mako bai ci ba. Shekarata 9 da akwatin kifi a falona a unguwar Ali Ɗan Sofo, yunwa ba ta taɓa kashe mini ko ɗaya ba, amma ƙoshi ya kashe. Ka sa hannu a ruwan bidon ɗin, ka sa a na akwatin, idan ɗuminsu ya yi kusa da juna ka zuba a hankali.

Sanusi: Ku yi haƙuri Hajiya, amma ni ban yarda da canjin ruwa ba a wannan matakin. Sabon akwati ne, ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke ƙoƙarin kafuwa. Duk lokacin da aka kwashe ruwa an kwashe su, an kuma kwashe abincinsu, sai aikin da zai ɗauki wata ɗaya ya koma wata uku. Kuskuren tun farko aka yi shi. Ba a saka kifi a sabon akwati, sai an bar shi mako 4 zuwa 6 yana aiki babu kifi ana ɗiga masa amoniya.

Hajiya Rabi: Sanusi ɗana, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, sai dai ta wanda bai sayi kifi ba tukuna ce. Wannan bawan Allah kifinsa na cikin ruwa suna haki yanzu haka.

Malam Isuhu: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aji na ga maganar. Lawali, bi abin da Hajiya ta faɗa, ka dawo ka karanta nawa daga baya.

Abin da ke faruwa a akwatinka ido ba ya ganinsa, shi ya sa ruwan ya ruɗe ka. Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, mafi yawansa ba ta kashi ba, ta wurin numfashinsa ne, jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin da ke gefen kansa. Ragowar abincin da ya nutse cikin tsakuwa shi ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. A tafki kamar na Madarunfa ruwan na da yawa, ga ciyayi, ga laka cike da ƙwayoyin da ke cinye wannan guba. Akwatinka kuwa, idan ka ninka 60 da 30 da 35 za ka samu lita 63, in aka cire tsakuwa da sararin sama bai wuce lita 55 ba. Kifi 10 a cikin bidon biyu da ɗan ƙari ke nan, kuma babu mai kwashe musu ƙazanta.

Masu kwashewar rukuni biyu ne na bakteriya. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta koma nitirit, wadda ita ma guba ce. Na biyu, waɗanda a akwatin kifi galibi Nitrospira ne, suna mayar da nitirit ta koma nitirat, ita ce mai sauƙin illa, kuma da canjin ruwa ake rage ta. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi tun wajen 1890. Matsalarsu ita ce jinkirin yaɗuwa. Bakteriyar da ke lalata miya tana iya ninka kanta cikin ƙasa da awa ɗaya, waɗannan kuwa sai su kusa yini da kwana kafin ɗaya ta zama biyu. Daga nan mako 4 zuwa 6 ɗin da Sanusi ya ambata ya fito.

Inda na saɓa da kai Sanusi shi ne batun kwashe su da ruwa. Ba a cikin ruwan suke yawo ba, manne suke a jikin soson filta da tsakuwa da gilashi, kamar santsin da ke kama cikin randa. Ka taɓa zubar da ruwan randa ka ga santsin ya bi shi? Sai an sa hannu an goge.

Sanusi: To abincinsu fa, Malam? Idan an kwashe amoniyar me za su ci?

Malam Isuhu: Kifin na fitar da sabuwa dare da rana. Muddin akwai ko kaɗan da ta rage a ruwan, alama ce abincin ya fi ƙarfin masu ci. Idan ɗan yaye ɗaya ne a gida, ko ka ajiye masa kwanon tuwo ɗaya ko goma, girmansa ba zai ƙara sauri ba. Ragowar kwano taran nan su ne ke kashe kifin.

Alhaji Umaru mai Tarwada: Ni dai ban yi boko mai zurfi ba, amma shekara 12 ina kiwon tarwada a kan hanyar Tibiri. A tankunan roba da nake renon ƙanana, ranar da na yi sakaci da canjin ruwa washegari sai na kwashi gawa. Tarwada ma ke nan, da take da abin shaƙar iska daga sama, kifin da ke rayuwa a laka. Balle waɗannan na ado masu laushin jiki. Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ka canza ruwa.

Lawali Tela: Na canza rabi. Wallahi cikin minti talatin gupi ɗin sun sauko ƙasa suna yawo. Jajayen biyu har yanzu suna sama, ɗaya akwai jan zane-zane a wutsiyarsa kamar jini ya kwanta.

Malam Isuhu: Wannan jan zanen ana yawan ganinsa idan amoniya ta ƙona su. Gobe da safe ka ƙara canza rabi. Ka cika bidon ɗin tun yanzu, ka bar bakinsu a buɗe a inuwa.

Buhari Ɗan Gulbi: Kakanmu idan ruwan rijiya ya ɓaci ɗan kanwa yake jefawa. Ka gwada ƴar kaɗan, tana gyara ruwa.

Malam Isuhu: Don Allah Lawali kada ka kusanci kanwa. Buhari, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma a nan ita ce abu mafi haɗari da ke cikin madafin gidansa. Amoniya a ruwa kama biyu take da ita, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai kisa, kuma ma'aunin tsami da ake kira pH shi ke raba su. A ruwa mai ɗumin digiri 30, idan pH na kan 7, mai kisar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8 sai ta kai kashi 7 da wani abu. Hawa ɗaya kacal, guba ta ninka kusan sau goma. Kanwa kuwa aikinta ke nan, ɗaga pH. Abin da take yi wa wake a tukunya ka sani. Amoniyar da kifin ke daurewa da ita da safe za ta iya gamawa da su kafin azahar.

Buhari Ɗan Gulbi: Subhanallah. Na janye, Malam. Allah Ya sa bai riga ya zuba ba.

Lawali Tela: Ban zuba ba. Na gode muku duka biyun.

Zainabu: Ina wuni iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina da ƙaramin akwati na lita 40 a gida. Yaya Lawali, duk wannan da ake yi a duhu ake yi idan babu abin gwaji. Ina da na ruwa-ruwa, mai ƴan kwalabe da ake ɗigawa a kwatanta launi, daga Yamai aka kawo mini. Gobe Juma'a bayan an sauko masallaci zan ba ƙanena ya kawo maka shago, ka ɗebo ruwan akwatin a kwalba mai tsabta. Wani abu kuma ga masu shirin saye: ƴan takardun nan da ake tsomawa, masu gwada abu 5 ko 6 a lokaci ɗaya, yawancinsu ba sa auna amoniya sam. Nitirit da nitirat da pH da taurin ruwa suke nunawa. Mutum zai ga komai lafiya a makon farko alhali abin da ke kashe kifin ba ya cikin lissafin. A duba kwalin kafin a biya.

Hajiya Rabi: Allah Ya yi miki albarka ƴata. Ni ma a shekarar farko takardun nan na saya, ban gane haka ba sai daga baya.

Lawali Tela: Ga sakamakon yau Juma'a, kafin in yi canji na biyu, don aiki ya hana ni yi da safe. Amoniya tsakanin 1 da 2, Zainabu ta ce miligiram ne a kowace lita. Nitirit 0. Nitirat kusan 10. pH 7.8. Ma'aunin zafin da ke manne a gilashi yana nuna 31.

Malam Isuhu: To ka gani. Wannan bayan ka riga ka kwashe rabi jiya ke nan, ka ƙiyasta yadda yake ranar da biyun suka mutu. Lissafin ba shi da wuya: idan 2 ne, canjin rabi zai mayar da shi 1, wani rabin kuma 0.5. Abin da kake nema shi ne kada amoniya ko nitirit su wuce 0.5, da wannan zafin da wannan pH ɗin ma 0.25 ya fi kwanciyar hankali. Yi rabi yanzu, rabi bayan isha'i.

Amma nitirat 10 ɗin nan ya ja hankalina. Akwatin kwana shida wanda nitirit ɗinsa 0 bai isa ya samar da ita ba. Da ruwan ta shigo. Zainabu, a gwada ruwan bidon ɗin shi kaɗai.

Zainabu: An gwada, Malam. Nitirat 10 ne a bidon ɗin ma, amoniya 0.

Malam Isuhu: Madalla, ba matsala ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ma 50 ta sa a matsayin iyaka ga ruwan sha. Amfanin sani shi ne kada Lawali ya ga 10 ya zaci aiki ya kammala. Sai ta haura abin da ke cikin bidon. Masu amfani da rijiyar gida kuwa su fi kowa gwadawa, don rijiya marar zurfi da ke kusa da salga ko lambun da ake zuba wa takin zamani tana iya ɗauke da nitirat mai yawa.

Sanusi: Ni fa har yanzu ina ganin wahalar da kifin ake yi. Mafi adalci a mayar da su inda aka saye su, a gyara akwatin, sannan a sake sayowa. Dabba amana ce. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba.

Alhaji Umaru mai Tarwada: A mayar Kano, cikin leda, a watan Afrilu, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina? Kifin da ke da ciwo? Kafin a wuce iyaka sun dahu. Amanar ita ce ta sa mutumin nan yake ɗaukar bokiti sau biyu a rana.

Hajiya Rabi: Ku tsaya, maganar Sanusi akwai abin ɗauka a ciki. Ba sai Kano ba. Lawali, kifin zinariyar nan su ne masu yawan ƙazanta, ɗaya ya fi gupi ɗinka shida a haɗe. Kuma suna girma, suna iya wuce santimita 20, lita 55 ba gidansu ba ne ko da komai ya daidaita. Ga shi ba sa son zafi, kifin ruwa mai sanyi-sanyi ne. Ina da babban akwati na lita 200 a ɗaki mai sanyi. Kawo su in riƙe maka, zan fara ajiye su a wani baho daban da iska har su warke. Ka zauna da gupi, su suna jure ɗumi da irin ruwanmu. Idan ka zo kuma zan yanko maka rabin soson filtata. Shekararsa uku yana aiki, baƙi ƙirin, cike yake da ƙwayoyin da Malam ke magana. Ka taho da leda, a sa shi da ɗan ruwan akwatina, ka hau kabu-kabu ka wuce gida kai-tsaye, kada ka tsaya kasuwa ya bushe ko rana ta dafa shi.

Malam Isuhu: Wannan ita ce shawara mafi tsada da aka bayar tun da aka fara maganar. Kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara ne. Yana iya rage makonni ya mayar da su kwanaki. Sharaɗi ɗaya, a tabbata akwatin da aka ɗauko daga ciki babu cuta, na Hajiya kuwa na san shi.

Sanusi: Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Akwai kuma bakteriya ta kwalba da kamfanoni kamar Tetra da Seachem ke sayarwa.

Hajiya Rabi: Akwai. Sai dai abu mai rai ne a cikin kwalba, ka tuna irin zafin da kaya ke sha a bayan mota da cikin shago kafin su iso hannunmu. Na taɓa saye sau ɗaya ban ga bambanci ba, wata ƙawata a Damagaram ta ce ita ya yi mata aiki. Soso kuwa daga ruwa zuwa ruwa ne, kuma kyauta.

Lawali Tela: Hajiya ban san da bakin da zan gode ba. Na yi wa yarinyar bayani, ta yarda da sharaɗin za a riƙa kai ta tana ganinsu. Gobe da hantsi ina tafe. Tambaya: soson da ke cikin filtata ya fara yin datti, in wanke shi a pampo kafin in haɗa da naki?

Hajiya Rabi: A'a! Ruwan pampo akwai kulorin, aikinsa kashe ƙwayoyi ne, ba ya tambayar mai amfani ko marar amfani. Wata guda kada ka taɓa shi sai idan ruwa ya daina wucewa. In ya toshe, matsa shi sau biyu a cikin bokitin ruwan da ka kwaso daga akwatin, ka mayar. Dattin nan ruwan ƙasa-ƙasa da kake ƙyama shi ne dukiyar.

Zainabu: A ƙara da wannan: a tambayi mutanen gida ko ana ɗiga jabel ko ƙwayar Aquatabs, masu ɗauke da kulorin, a bidon ɗin ruwan sha. Gidaje da yawa ana yi, kuma daidai ne don lafiyar mutane, amma bidon ɗin kifi a ware shi a yi masa alama. Bokiti da tiyo ma nasu daban, wanda sabulu bai taɓa shiga ba.

Malam Isuhu: Haka ne. Kulorin zalla yana fita idan ruwa ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe, ya fi sauri idan an sa masa iska. Akwai wani nau'in da ake haɗawa da amoniya, kuloramin, wanda wasu biranen duniya ke amfani da shi, shi kwana ba ya fitar da shi sai da maganin kashe kulorin. Tunda bidon ɗin Lawali ya nuna amoniya 0, hankalina ya kwanta ta wannan gefen. Duk da haka wanda ya samu maganin ya ajiye, akwai ranar da za ka buƙaci canji da gaggawa babu ruwan da ya kwana.

Lawali Tela: Barkanmu da war haka. Kwana 6 ke nan da karɓo soson Hajiya. Gupi shida duk suna nan, ina ba su abinci sau ɗaya a rana, ɗan abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Amoniya ta sauko 0.25. Amma yau nitirit ta tashi zuwa 1, kwalbar ta yi shuɗi mai ja-ja. Kuma jiya an ɗauke wuta tun azahar sai bayan magariba, filta ta tsaya. Na koma baya ke nan?

Malam Isuhu: Gaba ka yi. Bayyanar nitirit na nufin rukunin farko sun kama aiki, na biyun ne ba su cim musu ba. Amma wannan zangon ya fi na farko yaudara, mutane da yawa a nan suke sakin jiki. Nitirit tana shiga jinin kifi ta wurin numfashinsa, ta ɓata abin da ke ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Sai ka ga kifi yana haki a ruwan da ke cike da iska. Canza rabi yau, ka gwada gobe.

A nan ne gishiri yake da amfani. Kulorid ɗin da ke cikin gishirin girki yana bin ƙofa ɗaya da nitirit wajen shiga jikin kifi, idan ya fi ta yawa sai ya tare hanyar. Masu kiwon tarwada a Amurka suna neman kulorid ya ninka nitirit kamar sau 10. A lita 55 ɗinka ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wajen giram 5, ya isa har ya yi saura. Narkar da shi a kofi tukuna. Gupi ba su damu da wannan ɗan gishirin ba.

Alhaji Umaru mai Tarwada: Mu ma muna sa gishiri, amma a kula, gishiri ba ya bin tururi. Idan zafi ya shanye ruwa ka ƙara, kada ka ƙara gishiri, yana nan. Sai idan kai ka kwashe da hannunka, ka kwashe rabi ka mayar da rabin cokali. Na ga wanda kullum yake ƙarawa har ruwan ya koma kamar na miya.

Batun wuta kuma shi ya fi damuna da ku masu gilashi. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, mu da ke kwana kusa da tanki mun san da asuba kifi ya fi galabaita.

Malam Isuhu: Alhaji ya faɗi gaskiya, ga adadin: a digiri 20 lita ɗaya tana riƙe oksijin kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa 7 da rabi. Ga kifin jikinsa na ƙara buƙata da zafi, ga bakteriyar su ma masu shan iska ne sosai. Ɗumin yana taimaka musu su yaɗu da sauri, tsakanin 25 da 30 suka fi so, amma idan filta ta tsaya ruwan cikinta ya daina zagayawa, iskar wurin ƙarewa take. Awa biyu ko uku ba komai. Idan abin ya yi tsawo, buɗe filtar ka ciro soson ka saka shi cikin akwatin kansa, kada ya zauna a rufe. Kuma lokaci-lokaci ka ɗebi ruwan da kofi ka kwararo daga sama.

Zainabu: Akwai ƙaramin injin iska mai wayar USB, da batirin cajin waya yake aiki, yana kwana yana busawa. Shi ya cece ni bara lokacin zafi. Wanda ke da sola a gida kuwa ya huta. Kuma Yaya a buɗe murfin akwatin da rana, a sa yadin gidan sauro a kai don gupi suna tsalle, idan fanka na kaɗa saman ruwan yana rage ɗumi digiri ɗaya ko biyu. Kada dai a jefa ƙanƙara, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin illa.

Buhari Ɗan Gulbi: Wannan karon tambaya ce ba shawara ba. Kainuwa fa? Na ga ruwan da take kai yakan yi kyau.

Malam Isuhu: Wannan karon ka dace, Buhari. Tsiron da ke yawo a saman ruwa kamar kainuwa yana shan amoniya da nitirat kai-tsaye a matsayin taki. Sai dai tana son haske sosai, kuma kada a bari ta rufe fuskar ruwan duka. Abin tsoron shi ne inda za a ɗebo ta. Tabkuna da kududdufai akwai ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da cutar tsargiya, kada a tura yaro ya shiga ruwa saboda kifin ado. Idan an samu, a wanke, a ajiye a bokiti daban mako biyu ana dubawa kafin ta shiga akwati.

Sanusi: Yaya Lawali, ka riƙa rubuta sakamakon kullum a littafi, da kwanan wata da yawan ruwan da ka canza. Ni da na yi nawa babu kifi kwana 33 ya ɗauka. Ina so in ga naka da soson Hajiya da canjin ruwa kullum nawa zai ɗauka, don in san ko Malam ne da gaskiya a kan jinkirin.

Lawali Tela: Ina rubutawa a bayan littafin awon ɗinki tun ranar Juma'ar farko.

Lawali Tela: Salamu alaikum. Yau kwana 19 da saka soson. Kwana huɗu a jere amoniya 0, nitirit 0, ban canza ruwa ba a kwanakin nan huɗu. Nitirat ta kai 20, ta bidon na nan a 10. A makon da ya wuce ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara na kwana biyu, Hajiya ta ce in ƙyale shi, ya kuwa washe da kansa. Sannan jiya da dare yarinyar ta kira ni, mun ƙirga ƴaƴan gupi 11 a bayan filta, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa.

Sanusi: Kwana 19. To Malam, na sauka daga kan maganata ta canjin ruwa. Amma ta rashin saka kifi a sabon akwati ina nan a kanta.

Malam Isuhu: A kan wannan ni ma ina bayanka. Lawali, gwada mako ɗaya cur kafin ka saki jiki. Daga nan canjin kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, ka riƙa zuƙo dattin tsakuwa da tiyo, ka daina sa gishiri, zai fita da kansa a hankali. Kada ka sayo sabon kifi yanzu, bakteriyar da ke ciki daidai ƙazantar gupi shida suke, ga kuma sha ɗaya suna tasowa. Ƙananan za su buƙaci abinci sau biyu ko uku a rana, a murƙushe shi ya zama gari, don haka ci gaba da gwajin bayan kowane kwana biyu.

Hajiya Rabi: Ka ɗaura ɗan yadin gidan sauro a bakin da filta ke zuƙar ruwa, kada ta haɗiye su. Kuma manyan suna cin ƙananan, a sa musu wurin ɓuya. Jajayenka ɗaya ya warke sarai ya shiga babban akwati, mai jan wutsiyar yana baho har yanzu amma ya fara cin abinci. Ka kawo yarinyar ranar Lahadi bayan la'asar.

Zainabu: Yaya Lawali, kwalbar gwajin nitirit ta kusa ƙarewa ko? Riƙe ta har ƙarshen makon, sai ƙanena ya karɓo mini ranar Litinin, akwai wata maƙwabciyarmu a Bagalam da aka kawo wa akwati jiya da kifi a ciki.